Ganuwa Ba Ta Tsare Ma'aikaci

A ƙasar Hausa, in an gina ganuwa, don a hana abokan gaba shiga gari ne. Amma ran 13 ga Agusta 1961 mahukuntan Jamus ta Gabas suka fara gina tasu a Berlin don su hana 'yan ƙasa fita. Har yanzu akan ji masu cewa ba su da wata dabara sai wannan, don ƙasar ta kusa rasa masu aiki. To, bari mu auna maganar.

Gaskiya ne hasarar ta yi yawa. Daga 1949 zuwa 1961 mutum wajen miliyan 2 da rabi suka ƙaura Yamma, kusan rabinsu kuwa ba su kai shekara 25 ba. A cikinsu akwai likitoci da malaman makaranta da injiniyoyi. Wannan ba cin rani ba ne, gama ɗan cin rani da ya ga hadari sai ya komo gona. Su kuwa sun tafi ke nan.

Amma ruwa ba ya tsami banza. A 1953 aka ƙara wa ma'aikata aiki ba ƙarin lada, da suka yi bore ran 17 ga Yuni aka turo musu tankokin Rasha. A 1960 aka tilasta wa manoma shiga gonakin tarayya. Ashe cutar tana cikin gida, aka je aka ɗaure ƙofa.

Ko ganuwar ta yi magani? Ta rage fita, babu shakka, amma hannuwa ba su isa ba. Tilas aka ɗauko 'yan ƙwadago daga Biyetnam da Mozambik da Kuba. A 1989 mutanen Biyetnam kaɗai sun kai wajen 60,000. Da ganuwar ta faɗi ran 9 ga Nuwamba 1989, sai samari da 'yammata suka sake kwarara Yamma, haihuwa kuma ta ragu da kusan rabi cikin shekaru kaɗan.

Ku dubi garin Hoyerswerda. Dā mutanensa sun kai wajen 70,000, yau ba su fi rabin haka ba. A nan ne, cikin Satumba 1991, 'yan tarzoma suka far wa baƙin ma'aikata, har aka kwashe su daga garin. Watau wanda ya so tafiya an tsare shi, wanda ya zo taya aiki an kore shi.

Saboda haka ni ban yarda da hujjar masu ganuwa ba. Shekara 28 ta tsaya, ta jinkirta ƙaura, ba ta kawar da dalilinta ba. Abin da ke zaunar da ma'aikaci shi ne lada mai kyau, da bakin magana, da sanin 'ya'yansa za su ci gaba. Sarkin da ya rasa waɗannan, ko ya kulle ƙofa, zukata sun riga sun fita.