Yadda Tolstoy Ya Sa Mai Karatu Gudu Tare da Pahom

A shekara ta 1886 ne marubucin nan na ƙasar Rasha, Leo Tolstoy, ya fitar da wani gajeren labari wanda sunansa tambaya ce: wace yawan ƙasa ce za ta ishi mutum? Labarin wani manomi ne mai suna Pahom. Wata rana matarsa da yayarta suna gardama a kan zaman birni da na ƙauye, sai ya cika baki cewa da yana da isasshiyar gona, ko Iblis ma ba zai ba shi tsoro ba. Ashe Iblis yana laɓe a bayan murhu, ya ji.

Wanda ya saba da tatsuniya zai zuba ido ya ga Iblis ya yi sihiri ko zamba. Tolstoy bai bi wannan hanya ba, nan kuwa gwanintarsa take. Baƙin da suka riƙa kawo wa Pahom labarin ƙasa mai albarka, gaskiya suka faɗa masa. Kowane taki da ya yi yana da hujja. Da fari wakilin wata mai gonaki ne yake cinsa tara in dabbobinsa sun yi ɓarna, don haka ya sayar da ɗan dokinsa da rabin amyoyin zumansa, ya ci bashi, ya sayi eka 40. Wa zai ga laifinsa? Ba a daɗe ba dabbobin maƙwabta suka fara shiga tasa gonar, shi ma ya kai su gaban shari'a aka ci su tara. Marubucin bai tsaya ya ce Pahom ya zama irin wakilin nan ba, ya bar mai karatu ya gani da kansa.

Daga nan ya yi ƙaura zuwa hayin kogin Volga, sa'an nan ƙasar Bashkirawa. Sharaɗinsu mai sauƙi ne: rubul 1,000, duk filin da ya kewaya da ƙafa a yini guda nasa ne, muddin ya komo inda ya tashi kafin faɗuwar rana. In ya makara, kuɗinsa sun tafi.

A wannan yini Tolstoy ya rage saurin labarin ƙwarai. Shekarun baya ya wuce su a 'yan layuka, amma nan yana bin Pahom daga hantsi zuwa azahar zuwa la'asar. Ya tuɓe takalma, ya ci ɗan abinci bai kwanta ba don kada barci ya kwashe shi, ya hango wani kwari mai laima ya ce asara ce a bar shi waje. Mai karatu ma sai ya ji yana so a haɗa da kwarin. Sa'ad da rana ta sunkuya, su biyu suke haki. Har ma akwai wata dabara: a gindin tudu rana ta faɗi, Pahom ya fid da rai, sai ya ji ihun Bashkirawa, ya tuna a bisa tudu har yanzu suna ganinta. Wannan ɗan begen ne ya ƙarasa shi.

Wuri ɗaya ne hannun marubucin ya yi nauyi. A daren jajibere Pahom ya yi mafarkin sarkin Bashkirawa yana ƙyalƙyala dariya, ya rikiɗa ya zama baƙin nan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan Iblis mai ƙaho da kofato, ga gawar Pahom a gabansa. Mafarkin ya tona abin da labarin ya riga ya nuna ba da surutu ba. Mai yiwuwa domin talakawa masu sauraro da ka Tolstoy ya sa shi, amma ko babu shi labarin zai tsaya.

Shebur ɗin ya fi mafarkin aiki. Da shi Pahom yake haƙa alamar iyaka tun asuba. Da gudu ya tsananta ya yar da riga, da takalma, da gorar ruwa, da hula, shebur kaɗai ya riƙe yana dogarawa. Ya faɗi, hannunsa ya taɓa hular sarki, jini yana fita daga bakinsa. Baransa ya ɗauki shebur ɗin nan ya haƙa masa kabari daidai tsawonsa.