Jinjina ga Maginan Matakalar Dala

Birnin Katsina shimfiɗaɗɗe ne, Bakatsine mai son hangen gari daga sama sai ya nufi Hasumiyar Gobarau. Amma in hawan dutse ake so, Dala na Kano ya isa. Ina jinjina wa maginan da suka kafa matakalar siminti a jikinsa. Aikin ba na wasa ba ne, domin sai an hau da yashi da ruwa a ka, ga rana tana duka. Albarkacinsu tsoho da ɗan makaranta suna kaiwa ƙololuwar da Barbushe ya riƙa hawa, su hango Gwauron Dutse da Kasuwar Kurmi. Masu share matakalar ma sun cancanci godiya, Allah ya saka musu da alheri.