Nijar ko Nijeriya? Sharhi a Kan Sunayen Dainoso

Mu ɗaliban Hausa, in aka tura mu Kankiya ko Kusada neman asalin sunan wata unguwa, ba mu yarda da hirar bakin kasuwa. Dattijon da ya gaji labarin muke nema. To, me ya sa in an zo kan sunayen dainoso, watau ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, marubutanmu sai su kwafi abin da suka tsinta su wuce? A nawa ganin wannan sakaci ne, domin kowane suna yana da dattijonsa, watau takardar da aka fara buga shi a ciki.

Ga misali. Akwai Ouranosaurus nigeriensis, akwai kuma Goronyosaurus nigeriensis. Kalmar ƙarshe ɗaya ce, amma ƙasa biyu ake nufi. Na farkon, Bafaranshe Philippe Taquet ne ya raɗa masa suna a littafin da ya buga a Faris a 1976, kan ƙasusuwan Gadufawa a hamadar jihar Agadas. Nijar ke nan. Na biyun kuwa namu ne, na ƙasar Sakkwato. W. E. Swinton ya fara kiransa Mosasaurus nigeriensis a 1930, sai a 1972 wasu masana 'yan Italiya, su Azzaroli, suka ga ya bambanta, suka laƙaba masa sunan Goronyo. Kuma shi ba dainoso ba ne ma, ƙadangaren teku ne.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne fassara. Mai ɗan sanin Girkanci da ya ga Ouranosaurus sai ya ce ai "ƙadangaren sama" ne. Ina! Taquet ya ɗauko kalmar ne daga sunan da Buzaye ke kiran damon hamada. Haka Jobaria, wanda Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Science a 1999, daga Jobar ne, wani dodo na tatsuniyar Buzaye. Kun ga maƙwabtanmu suna da hannu a sunayen nan, sai mai gaggawa ya ba Girkawa ladan.

Saboda haka duk wanda zai kawo wa mujallar nan rubutu a kan dainoso, ya faɗa mana wa ya raɗa sunan, a wace shekara, a wace takarda, kuma a ina aka tono ƙashin.