Jirgin Mombasa da kamiyon Ƙonni

A Mombasa, bakin tekun Kenya, akwai wani tsohon sansanin soja, Fort Jesus, wanda Turawan Fotugal sunka fara ginawa a 1593. A farkon ƙarni na 17, waɗansu daga cikin mutanensu sunka zana jiragen ruwa masu tafiya da iska a bangon wurin, da baƙi da ja, ga kifaye, ga coci, ga mutane. Yau zanen yana adane, baƙi na zuwa kallo, kuma a 2011 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

In ka dubi hotunan, hannun ba na gwani ba ne. Layi ya karkace, mutum ya fito kamar dodo. Masu kiran shi gwaninta sun yi ƙari. A ganina darajarshi shaida ce: takardun gwamna sun faɗi wanda ya ci yaƙi, bango kuwa ya faɗi abin da ke ran talakan da anka kai nesa da gida. Jirgi ya kawo shi, jirgi kaɗai ke iya maida shi.

To, mu nan Adar ba mu da teku. Amma bi lungunan Ƙonni, Malbaza ko Illela, ka dubi abin da yara ke zanawa da gawayi: kamiyon siminti, kamiyon albasar Galmi, motar da ta tafi da baba ci-rani Abijan. Yaron da bai iya zana fuska ba, sai ka iske ya ƙirga tayoyi daidai. Ƙarƙashi kuma ya rubuta Hausa da baƙaƙen Faransanci, "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c". Ga ɗan ilimin harshe kamata, wanga rubutu shaida ne na yadda mutanenmu ke rubuta harshensu in ba malami bisa kansu.

Mi muke yi da shi? Mu ce ƙazanta, mu ja kunnen yaro. Abin da tsawa ta bari, damina ta wanke, yaɓe ya rufe. Bangon Mombasa dutse ne, namu laka.

Ƴan uwa, kowa na da salula. In kun je hutu, ku ɗauki hoton bangon unguwarku, ku rubuta gari da shekara. In munka tsaya jiran wani ya zo daga waje ya ce muna tarihi ne, zai iske an yi sabon yaɓe.