Taskokin Ajami da Matsalar Tsara Su: Darasi Daga Sahuda

Ɗakunan karatu na musamman a Arewacin Nijeriya iri biyu ne. Akwai na hukuma, irin su Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, da Cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato. Akwai kuma na zaure, wato gafakar malami da adakarsa, inda ake samun waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci, da hatimai, da wasiƙu, da lissafin rabon gado.

Kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan rubuce-rubucen wannan yanki ya bi sunayen mawallafa ne. Babu shakka tsarin ya amfani masu nazarin Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello. Illarsa ita ce, takardar da ba ta ɗauke da sunan kowa da wuya ta sami gurbi. Alhali kuwa a irin waɗannan takardu ne mai nazarin harshe zai ga yadda Hausa ta zauna a bakin Bafulatani da Gude a ƙasar Mubi.

Haɗarin wannan sakaci ya fito fili a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka riƙa tsallakawa Kamaru ta Sahuda. Mai gudun tsira da rai ba ya ɗaukar adaka, abin da ba a ƙididdige ba kuwa ba a sanin ya salwanta.

Saboda haka ya kamata sassan harsunan Nijeriya su ɗauki hoton waɗannan takardu a gidajen masu su, sannan su tsara su bisa jigo da gari.