Bakan Gizo: Amsa Ga Masu Raina Ginin Ƙasa

Wasu 'yan bokonmu a nan Kurmin Mashi ta Kaduna, musamman waɗanda suka taɓa leƙa Ingila, ba su da hira sai ta ƙauyukan can: tsofaffin gidaje masu rufin ciyawa, da hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki, waɗanda doka ta hana a toshe. Daga nan sai su yanke hukunci wai mu ba mu da irin wannan gado, don ginin ƙasa ba ya ƙarko, kuma alamar talauci ne. Maganar ba ta da tushe. A yankin Devon na Ingilar, da yawa cikin gidajen da ake ɗaukar hotonsu na laka ne da aka cuɗa da ciyawa, wasunsu sun haura shekara 300. Gyara a kan kari ne ya tsare su, sai rajistar tsofaffin gine-gine da ƙasar ta soma a shekarun 1940.

Kaduna sabon gari ne, a 1917 Turawa suka mai da shi hedikwata, don haka mai neman gwaninta ya hau mota zuwa Zariya. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, yana nan da bakunansa, ko da yake a shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini.

Ni baka, wato bakan gizo, nake so a duba, ba zanen bango da zanko da baƙi ke rububi ba. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita biyu. To, yaya magini zai rufe babban soro ba tare da ya cika shi da ginshiƙai ba? Sai ya kafa azara a cikin bango, ta leƙo ciki kaɗan. Ya ɗaure ta da igiya, ya shafe da ƙasa, ya bar ta ta bushe. Sannan ya ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa, ta ƙara kwantawa. Haka ake yi daga ɓangarorin biyu, hawa-hawa, har su gamu a tsakiya. Kowane hawa sai na ƙasansa ya yi ƙarfi ake ɗora shi, shi ya sa aikin bai yarda da gaggawa ba. Idan bakuna suka gitta juna an samu ɗaurin guga, a kansa ake ɗora tulluwa. Babu ƙarfe, babu ƙusa. Azara ke riƙe ja, ƙasa ke riƙe danni, kuma duk lissafin yana kan magini.

Masu cewa ruwan sama ke rusa ginin ƙasa sun manta da makuba, da laso da ake haɗawa da katsin marina, da indararo mai jefa ruwa nesa da bango. Abin da ke rusa shi shi ne barin yaɓe, da kuma shafa masa siminti, wanda ke riƙe danshi a ciki har bangon ya ruɓe.

Hanyar ƙafa ma muna da ita: lungu. Manyan katangun tubali ne ke ba shi inuwa, zaure kuma ke ba mai wucewa wurin sallama. Duk inda aka rushe katangar aka sa bulo da kwano, lungun ya mutu, kamar yadda mazauna Kurmin Mashi ke ji a jikinsu cikin zafin watan Afrilu. A ganina magini ne abin ceto kafin gini. A Yama ta Nijar, Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa daga 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, shaida ce cewa sana'ar ba ta tsufa ba. Masarautar Zazzau da sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello su nemo tsofaffin maginan da suka rage, su ba su aiki da almajirai tun suna da ƙarfin hawa bango.