Sharhi Kan Kafa Hujja da Sunayen Wurare: Misalin Herulawa

Herulawa wata al'umma ce daga cikin Jamusawan dauri, waɗanda suka afka wa birnin Atina a shekarar 267, daga baya suka kafa daula a bakin kogin Danub, har Lambadawa suka rusa ta wajen shekarar 508. Marubucin tarihi Furokofiyus ya ce wani ɓangare nasu ya yi ƙaura zuwa arewacin Turai. Da yake ba su bar tarihinsu a rubuce ba, sai wasu manazarta suka koma ga sunayen wurare don gano matsugunansu.

Babbar madogararsu ita ce sunan Herilungoburg, a yankin Pöchlarn na Ostiriya, wanda ya fito a wata takardar kyautar ƙasa ta shekarar 832. A ganinmu hujjar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, fiye da shekara 300 ne tsakanin faɗuwar daular da rubuta takardar. Na biyu, sunan ya fi dacewa da Harlungawa, jaruman almara waɗanda labarinsu ya bazu a Jamus, har aka sa wa wani tsauni a Brandenburg sunansu. Ashe ke nan mai yiwuwa almara ce ta raɗa sunan, ba zaman jama'a ba.

Kama da wane ba ta wane. Kafin ɗalibi ya ɗora tarihi a kan suna, wajibi ne ya binciki tsohuwar sigarsa da ƙa'idojin sauyin sauti, sannan ya nemi goyon bayan abin da aka tono a ƙasa.